Matar da Baba Ya Ƙi Bari a Bakin Ruwa

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Baba ya riga mu komawa ranar wata Laraba da hantsi. Kafin maza su dawo daga maƙabarta gidanmu na Jibiya ya cika tun daga zaure har bakin murhu. Ni ina cikin mata a tsakar gida, kusa da ƙofar ɗakin Inna, ina amsa gaisuwa har muryata ta dushe.

Duk wadda ta shigo sai ta durƙusa ta ce, "Ya haƙuri? Allah Ya jiƙan Alhaji, mutum mai sanyin hali." Wata ta ce ita ba ta taɓa jin ya ɗaga murya ba. Wata ta ce kullum in ta wuce yana zaune a zaure kai sunkuye, yana ta lazimi. Ina cewa amin, amin, a raina kuwa ina musu. Baba ne mai sanyin hali? Mutumin da in ya daka tsawa a ƙofar gida kajin maƙwabta ke watsewa? Kuma wannan sunkuyon da kika gani, baiwar Allah, lazimi yana yi da asuba da bayan kowace salla, amma da hantsi gem yake bugawa a waya. Haba jama'a! Ku yi masa addu'a iyakar iyawarku, amma kada ku canja mana shi tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Haushin wannan ne ya zaunar da ni rubutu.

Mutum guda ne ya faɗi gaskiya a ranar, wani tsohon jami'in kwastan, Kirista daga wajen Jos, wanda ya yi aiki a bodar Magama har ya yi ritaya ya zauna a garin. Ya nemi iso don ya gaida Inna, ya tsaya daga bakin zaure ya cire hula.

"Hajiya, mijinki ya ba ni wahala ba kaɗan ba," in ji shi. "Na taɓa tsayar da motarsa na ce kowa ya fito. Mutane suka yi ta fitowa, suka yi ta fitowa, har na gaji da kallo, daga ƙarshe akuya ta diro. Na ce, Direba, wannan mota ce ko unguwa? Ya ce mini, Ofisa, akwai sauran wuri, in Maraɗi za ka shigo."

Inna ta yi dariya a cikin mayafi, dariyar da ta juye kuka. Shi ma ya share ido, ya ce ranar da ciwo ya kama matarsa ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, motoci suna wucewa a cike, Baba ne ya tsaya. Tasa ma a cike take. Ya sauko cikin ruwan, ya zazzage lodin, ya sake jerawa yana ta masifa, sai ga wuri ya fito. Wannan shi ne Baban da na sani.

Direba ne tsakanin Jibiya da Maraɗi tun kafin a haife ni. Ya san 'yan kwastan na nan, ya san duwan, wato kwastan ɗin Nijar, da jandarma na can, kuma babu wanda bai yi cacar baki da shi ba. Gudu gare shi, ga rashin jira. In Inna ta tsaya neman ɗankunne sai ta ji tashin mota. Amma akwai maganar da ya riƙe kamar karatu: "Mota ba ta cika. Direba ne ke rasa dabara." Bai yarda a bar mutum a bakin hanya ba, ko da kuwa zai raba kujerarsa ta tuƙi da shi.

A Maraɗi yake da yayarsa, Gwaggo, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, aure ya kai ta can tun tana yarinya. Duk zuwan da zai yi sai ya biya gidanta, ya ci tuwo, ya kushe miyar, su yi faɗa, ya taso. Sunan mahaifiyar tasu aka sa mini, shi ya sa su biyun duk Uwata suke kirana.

Sai abubuwa suka haɗe masa. Aka rufe boda. Ciwon suga ya sauka ƙafafunsa, likita ya hana shi tuƙi. Sannan saboda 'yan bindiga aka katse layukan waya a yankinmu, ko gaisuwa ba ka iya aikawa. Gwaggo na can idanunta sun yi yana ba ta gani, shi yana nan a zaure yana neman wanda zai yi wa faɗa. Mai tallan goro ma ya daina bi ta ƙofarmu.

Ni malamar firamare ce, kuma ina da wata ɗabi'a da 'yan'uwana ke yi mini dariya a kai: ina son ƙananan gem ɗin waya, irin waɗanda mutum ɗaya ko biyu ke zama su ƙirƙira a ɗakinsu. Ba harbi, ba tsere, ba agogon da ke korarka, kuma ba sa buƙatar layi. Ka warware ɗan wasan ƙwaƙwalwa, a ba ka ɗan labari, ka ci gaba. Yawancinsu yini guda ya isa ka gama. Ina da na haɗa fasassun tukwane, ina da na kunna fitilun wani gari, ina kuma da na wani tsoho mai kwalekwale da ke haye da mutane kogi. Fasinja zai zo da kayansa, kai kuma ka jera su a cikin kwalekwalen yadda komai zai shiga kuma ba zai karkata ba. In ka jera daidai, su haye, fasinjan yana ba da labarinsa a rubuce da Turanci.

Wata rana na zo gaida su ina zaune a zaure ina bugawa, Baba ya leƙo.

"Uwata, da girmanki? Mi ne ne wannan kuma?"

"Lodi nake yi, Baba."

Da ya ji kalmar lodi sai ya miƙo hannu. Ya karɓa, ya tura buhuna nan, ya tura akwati can, da ƙarfin gwiwar wanda ya shekara da shekaru a tasha, ya danna. Kwalekwalen ya karkata ya kife, fasinja ya fito jagab yana matse hula. Na yi dariya har da hawaye. Baba bai yi ba. Ya ce a rayuwarsa bai taɓa kayar da mota ba, ba kuma wani zanen waya ne zai fara kunyata shi ba. A ranar sai da na sa masa gem ɗin a babbar wayar da wanmu ya saya masa don sauraron tafsiri. Wan namu malamin Islamiyya ne, duk gidan Malam muke ce masa.

Abin da ya ba ni mamaki, kuma ya riƙa ba ni haushi, shi ne yadda yake bugawa. Mutumin da bai iya jiran ɗankunne ba, sai ga shi yana gaida fasinjan zane. "Sannu da zuwa, Malam. Ina gajiya? Ina za a kai wannan randa haka?" Zai dubi kayan, ya ajiye wayar, ya je ya yi alwala, ya dawo, ya motsa buhu guda, ya sake ajiyewa. In ya haye da mutum ɗaya, shi ke nan na ranar, wani lokaci na makon. Na ce, Baba, ga wani can yana jira. Ya ce, "Shi jira. Kwalekwale ma na hutawa." In kuwa ya ga ya kusa cinye fasinjojin, sai ya koma na tukwane ko na fitilu, waɗanda su ma na sa masa, ya yi makonni a can. Gem ɗin da na gama tsakanin azahar da magariba, Baba ya ja shi har damina ta zagayo ta sake zagayowa.

Kuma ba ya karanta Turanci. Saboda haka labarin da ke fitowa a rubuce bai dame shi ba, shi yake ƙirƙirar nasa. Mai randar nan, wai mutumin Bugaje ne da matarsa ta yi yaji, zai kai mata randa ya ba da haƙuri. Wata mai kaji a kwando wai 'yar ƙauyen Riko ce, ta gudu da kajin ne don kada a yanka wa baƙin mijinta. Akwai wani dogo mai jaka da Baba ya tsana tun ganin farko, ya ce wannan da gani ɗan sumoga ne, ya zaunar da shi a gefen da ruwa ke fantsama.

Ba don kansa yake ƙirƙirar ba. Lokacin da babu layi a gari, in ka matsa kusa da boda layin Nijar na kamawa. Baba ya samo layin Nijar, yakan hau acaɓa da ƙafafun nan nasa masu ciwo ya je Magama, ya zauna a benci wajen masu shayi, ya danna ya yi ta aika wa Gwaggo saƙon murya. "Yaya, ina wuni? To yau mun haye da mai randa. Bari ki ji abin da ya yi wa matarsa." A can Maraɗi surukar Gwaggo ce ke kunna mata. Gwaggo kuma ta aiko amsa, tana zagin mai randa, tana cewa a gaya wa 'yar Riko ta yi daidai. Ko da layi ya dawo gari bai daina ba, sai dai ya huta da hawan acaɓa. Tsofaffi biyu, boda a rufe tsakaninsu, suna gulmar mutanen da babu su.

A nan muka yi faɗanmu na farko. Na zo na tarar yana ba Gwaggo labarin dogon mai jaka, na leƙa na ce, "Baba, ai likita ne. Ga shi a rubuce, magani zai kai ƙauye."

Ya ɗaga yatsa daga wayar ya dube ni sama da ƙasa.

"Wa ya tambaye ki?"

"Abin da masu gem ɗin suka rubuta ke nan."

"Su suka ɗauko shi ko ni? Ni na yi masa lodi, ni na ji nauyin jakar. Magani ne ke da wannan nauyi? Ki riƙe bokonki, Uwata, kada ki ƙara karanta mini fasinja."

Na tashi na shige wurin Inna ina ƙunƙuni. Ta ce in rabu da shi, tun da ya samu abin nan rabonta da jin tsawa a kan gishirin miya.

Haka aka yi ta tafiya har ya iso kan fasinja ta ƙarshe. Tsohuwa ce mai farin mayafi, da kayan gida kaf: gado a naɗe, akwati, tukwane, tabarmi, da wani ƙaton turmi. Baba na ganinta ya ce, "Wannan Yaya ce. Gida za ta dawo." Ya aika wa Gwaggo haka, ita kuma ta ce to ya yi a hankali da tukwanenta.

Ni na san yadda ake warware wannan matakin, tunda na gama shi tuntuni. Kayan tsohuwar an auna su ne daidai da kwalekwalen gaba ɗaya, har da wurin da mai tuƙi ke zama. Gem ɗin ba ya barin ka bar ko tabarma a baya. Hanya guda ce tak: ka ɗora yatsa a kan mai kwalekwalen, ka fitar da shi bakin ruwa, ka sa turmin a wurinsa, tsohuwar ta tuƙa kanta ta haye. Haka masu shi suka tsara, kuma a nan labarin ke ƙarewa.

Baba ya jera ta nan, turmi ya rage. Ya jera ta can, akwati ya rage. Ya nemi ya kife turmin a kan tukwane, gem ya ƙi. Ya nemi ya ɗora tabarmi a cinyar tsohuwar, ya ƙi. Ya nemi ya ɗaure gadon a gefe yana reto yadda yake yi a bayan mota, ya ƙi. Baba ya ce wanda ya yi abin nan bai taɓa zuwa tasha ba. Mako ya wuce, wata ya wuce, kullum saƙon da ke tafiya Maraɗi guda ne: "Yaya, har yanzu muna lodi." Gwaggo kuma ta ce ita dai ƙafafunta sun yi sanyi a bakin ruwan nan.

Wallahi na yi haƙuri iyakar haƙuri. Ranar da na kasa, na zauna gabansa na ce, "Baba, ka saurare ni. Babu wurin mutum biyu. Mai kwalekwalen ake fitarwa."

Na zaci zai yi mamaki. Ko ɗaga kai bai yi ba.

"Kin ɗauka ban gani ba? Tun ranar farko na gani."

"To me kake jira?"

"Direba shi sauka shi bar fasinja da mota? Tsohuwa, ita kaɗai, a tsakiyar ruwa? A wace tasha aka koya miki wannan?"

"Baba, ba mota ba ce! An ƙirga wurin ne, ba zai ƙaru ba ko shekara za ka yi!"

"Mota ba ta cika," in ji shi, ya ci gaba da tura turminsa.

Na fita ina jin kamar in fasa ihu. Ta yaya za ka fahimtar da mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana samo wuri inda kowa ya ce babu, cewa akwai abin da an gina shi ne don kada wurin ya samu? Na yi masa misali da lissafi, na zana masa a ƙasa da tsinke, na sa Inna ta yi masa magana. Inna ta ce ita ba ta shiga tsakanin direba da lodinsa.

Aka buɗe boda. Na yi murna, na ce yanzu kam sai a kai shi Maraɗi ko a kawo Gwaggo, su ga juna, a bar zancen zane. Amma jikinsa ya riga ya yi nisa, ko zaman acaɓa ba ya iyawa, ita kuma surukarta na tsoron hanya da makauniya. Shi ya ce in ya ɗan ji ƙarfi zai je, ita ta ce in zafi ya sauka za ta zo. Wannan in an kwana biyu, waccan in an kwana biyu. Na yi ta ƙorafi har aka fara ce mini mai baƙin naci, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ranar Talata da yamma ina gefen katifarsa ina ba shi kunu, ya ce in miƙo masa wayar. Ya daɗe yana tura abubuwa, sai na ga ya yi murmushi. Ya danna wurin magana ya ce, "Yaya, na samo dabara. Gobe in Allah Ya kai mu za mu haye, mu biyu." Na ce in gani. Ya kife wayar a ƙirjinsa ya ce, "Ke da kika ce babu wuri? Sai gobe." Na yi tsaki a raina na ɗauke kwanon kunu. Washegari da hantsi ya cika.

Gwaggo ba ta samu jana'iza ba. Sai ranar sadakar uku suka iso ita da surukarta, ƙura har gira. Da aka shigo da ita tsakar gida mata suka ɗauki kuka sabo. Ita ba ta yi ba. Ta zauna kusa da Inna, ta yi addu'a mai tsawo, ta sha ruwa, sannan ta lalubo hannuna.

"Uwata, ina wayar tasa? Ya ce ya samo dabara. Duba mini ki hwaɗa mini yadda ya yi."

Sai a lokacin na tuna. Na san babu dabarar, na rantse na sani. In kuma akwai fa? In tsohon nan ya ga abin da ni ban gani ba fa? Gem ɗin yana ajiye lodi yadda ka bar shi, buɗewa kawai zan yi in gani. Na tashi da sauri na aika a kira mini Malam daga wurin zaman maza. Ya shigo soro na biyu, idanunsa jajur, ya zaro wayar daga aljihu ya ba ni.

Na kunna. Babu komai. Ko hoton jikokinsa da ke fuskar wayar babu. Tana tambayata wane harshe nake so, kamar yau aka fito da ita daga kwali.

"Malam, me ka yi?"

"Na kai an wanke ta jiya," in ji shi. "Ai kin san yadda ake yi. Hotuna, kiɗe-kiɗe, wasanni, duk abin da zai zame wa mamaci nauyi a kabari ana gogewa. Zan sa mata karatun Alƙur'ani a ba wani mabuƙaci, ladan ya je masa."

"Nauyi? Kwalekwale ne da turmi! Wane nauyi?"

"Akwai kiɗa a ciki, akwai zanen mutane. Kuma kin san lokacin da ya ɓata a kai."

"Ka tambaye ni? Ka tambayi Inna? Ka ma buɗe ka duba kafin ka kai?"

"Rage murya, akwai mutane."

"Ba zan rage ba! Abu guda da ya bari a hannunsa, na ƙarshe, ka kai wa mai gyaran waya ya share kamar allon 'yan aji ɗaya!"

Sai Malam ya fashe da kuka, babban mutum da gemunsa. Ya ce shi bai samu ya yi wa Baba komai ba yana raye, faɗa kawai suke yi, wannan ne kaɗai ya ga zai iya yi masa. Ya ce tsoro ya ji, bai iya barci ba yana tunanin a tambayi Baba a kan abin da shi ya saya masa da hannunsa. To me zan ce? Da mugunta ya yi da na samu inda zan sauke fushina. Da ƙauna ya yi, ya bar ni da fushin a hannu ba wurin ajiyewa. Har yanzu muna gaisawa lafiya, amma ban ce masa na huce ba, don ban huce ba.

Na koma na gaya wa Gwaggo. Ta ce muryarsa dai tana cikin wayar surukarta, kuma duk wanda ya ce zai wanke wannan sai ya fara wanke ta ita. Ta ɗan jima ta ƙara da cewa, "To ke ba ki da irin abin a taki? Ki kai ni wurin. Na gaji da tsayuwa."

Washegari bayan azahar, da mutane suka ɗan tsagaita, na shiga ɗakin Baba na sake farawa daga farko a wayata. Mai randa, 'yar Riko, dogon mai jaka, duk na haye da su a jere ba gaisuwa ba sallama. Hannuna ya san inda komai ke shiga. Abin da ya ɗauke shi damina biyu na share shi kafin a gama tuwon yamma, kuma ban taɓa jin ƙyamar saurina ba sai ranar. Ina ganin Turancin yana wucewa, ina jin muryarsa tana faɗin wani abu daban.

Da na iso kan tsohuwar na kira Gwaggo. Aka zaunar da ita a bakin katifarsa. Na ce bari in gwada tukuna. Na gwada duk abin da na ga yana yi, da wanda ban gani ba. Na juya gadon, na matse tukwane, na sa akwati a tsaye. Turmi ya rage. Na sake, akwati ya rage. Hawaye na ɗiga a kan gilashin yana hana yatsana tafiya, ina gogewa da gefen zane ina cewa a raina, Baba, wace dabara ce? Don Allah wace ce?

"Babu, Gwaggo," na ce. "Ban same ta ba. Sai dai yadda masu shi suka tsara."

"To yi. Amma kada ki karanta mini rubutunsu. Abin da idonki ya gani za ki hwaɗa."

Na ɗora yatsa a kan mai kwalekwalen, na ja shi, na ajiye shi a bakin ruwa. Turmin ya shige wurinsa daram. Tsohuwar ta ɗauki gorar tuƙi, kwalekwalen ya fara tafiya a hankali.

"Mi ya hwaru, Uwata?"

"Ta tashi, Gwaggo. Tana hayewa."

"Su biyu?"

"Ita kaɗai. Shi ya sauka ya ba turmin wurinsa. Ga shi can tsaye a bakin ruwa yana ɗaga mata hannu, yana ta ƙanƙancewa."

Gwaggo ta shafa katifar da tafin hannu. Sannan ta girgiza kai.

"Ƙarya suka yi, masu abin nan. Ba su san yadda aka yi ba. Shi ne ya haye. Ni aka bari a bakin ruwa da kaya."

A nan ne kukan da ta riƙe tun daga Maraɗi ya ƙwace mata.

Bayan sadakar bakwai na raka su Magama. Muka tarar da motar Maraɗi ana lodi, na riƙo hannun Gwaggo muka nufe ta, surukarta na biye da jaka. Direban, wani matashi, ya leƙo ta taga ya dube mu, ya ce, "Hajiya, ta cika. Sai dai ta gaba." Ya ja motarsa ya tafi. Na gyara wa Gwaggo jakar ta zauna a kai a gefen titi, muka shiga jira.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka da faɗansa da gardamarsa da taurin kansa. Ka yafe masa, Ka haskaka kabarinsa. Bai taɓa ce wa kowa ta cika ba. Ka yi masa wuri.